Ɗaukar kiɗan fiyano da bes kai-tsaye a Gusau: inda aikin yake lalacewa da yadda ake tsare shi

A aikin ɗaukar sauti, babu abin da yake tona asirin mai ɗauka kamar kiɗan jaz na mutum biyu, mai fiyano da mai bes (babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi huɗu da kaurin murya), suna kaɗa balad a gaban jama'a. Babu ganga, babu mawaƙi, babu 'yan amshi da za su rufe aibi. Balad kiɗa ne mai tafiya a hankali, bugu 50 zuwa 70 a minti ɗaya, kuma mai bes yakan taɓa tsirkiya sau biyu kacal a kowace gaɓa mai bugu huɗu. A bugu 60, kowane sauti nasa zai yi daƙiƙa biyu yana amo kafin na gaba ya zo. A cikin daƙiƙa biyun nan ne ake jin fanka, da gunjin wuta, da babur ɗin da ya wuce ta bayan katanga. Daɗin kiɗan yana cikin yadda sautin yake dusashewa, kuma dusashewar ce take fara ɓacewa idan ba a shirya ba.

Salon ya daɗe. Mai fiyano Duke Ellington ya ɗauki irin wannan kiɗa da matashin mai bes ɗinsa Jimmy Blanton a 1939 da 1940, kafin Blanton ya rasu a 1942 yana ɗan shekara 23. Wanda yake son jin yadda ake yin sa a gaban jama'a ya nemi faifan Night and the City na mai bes Charlie Haden da mai fiyano Kenny Barron, wanda aka ɗauka a gidan kiɗa na Iridium a birnin New York na Amurka a 1996, ya fito a 1998. Ka saurare shi da hedifon, ka bi bes ɗin kaɗai: kowane sauti yana da farko, da tsakiya, da ƙarshe, kuma kana jin ɗakin da mutanen cikinsa ba tare da sun danne kiɗan ba. Mizanin ke nan.

Gunjin wuta shi ne abokin gaba na farko

Wutar lantarki a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, kuma idan ta kutsa cikin waya takan bar gunji a 50, da 100, da 150. A waƙar sutudiyo mai ganga da kibod, mutum zai yanke wannan gunji da ikwalaiza, na'urar rage ko ƙara wani sashe na sauti, ya wuce abinsa. A nan ba zai yiwu ba. Tsirkiyoyi huɗu na bes mai tsayuwa suna nan: E a 41.2 Hz, A a 55, D a 73.4, G a 98. Sautin G na ƙasa yana 49 Hz, tazarar 1 Hz kacal tsakaninsa da gunjin wuta, G na sama kuma 98 ne, yana maƙwabtaka da 100. Duk lokacin da mai bes ya riƙe G na ƙasa, shi da gunjin za su riƙa karo, a ji sautin yana kumbura yana saɓewa sau ɗaya a daƙiƙa. In ka yanke 50 ɗin, ka yanke G ɗin tare da shi. In kuwa janareta ake amfani da shi, abin ya fi muni, domin injin ba ya tsayawa cak a 50, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, tacewar da ka kafa a wuri ɗaya ba za ta kama shi ba.

Saboda haka maganin a hana shi shiga ne tun farko. Ka raba kayan ɗauka da wutar gari da janareta baki ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da kimanin wat 1,200 na awa ɗaya. In na ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata ka ci. Kwamfuta da na'urar shigar da sauti da hedifon biyu ba za su wuce wat 100 ba, ka ga kana da wajen awa biyar, wanda ya isa gwaji da wasa duka. Inbatar ta zama mai fitar da wuta mai santsi, irin wadda ake rubuta “pure sine” a jikinta, domin mai araha tana sa kaya zizar da ta fi gunjin ɓaci. In babu inbata, cire cajar kwamfuta ka bar ta a kan batirinta. Sau da yawa wannan kaɗai yakan kashe gunjin. Wayoyin makirufo duk su zama XLR, masu ƙafa uku a baki, kada ka shimfiɗa su kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, in dole su haɗu su gicciye juna. Kada kuma wani ya ba ka shawarar cire ƙafar ƙasa ta fulogi don gunji ya tafi. Ita ce ke tsare ran mai kiɗa. Akwatin DI, wanda ake bi ta cikinsa a haɗa abin kiɗa da na'urar ɗauka, yana da maɓallinsa na raba ƙasa, shi ake dannawa.

Janareta in dole ya yi aiki don fitilu, a kai shi bayan wani gini, nesa iyakar tsawon waya. Ƙugin inji yana bin ƙasa ya hau ta ƙafar sandar makirufo, don haka kowace sanda ta tsaya a kan darduma, makirufon kuma ya zauna cikin mariƙi mai roba.

Ɗakin

Yawancin ɗakunan taronmu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, silin mai santsi a sama. Wannan yana jawo matsala biyu daban, kuma mutane sukan magance ɗaya su ɗauka sun gama. Ta farko amsa-kuwwa mai kaifi: tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya, in ka ji wata 'yar karkarwa kamar ƙarfe bayan tafin, bango biyu masu fuskantar juna suna jefa wa juna sauti. Labule mai kauri da aka rataye da naɗi, tazarar tafin hannu daga bango, da darduma ƙarƙashin makaɗan, sun ishe ta. Jama'a ma idan sun cika kujeru suna shanye mai yawa, shi ya sa ɗakin da ka gwada da la'asar ba shi ne ɗakin da za ka ɗauka da dare ba.

Ta biyu ita ce mai wuya. Kowane ɗaki yana da sautukan ƙasa da yake kumburawa gwargwadon girmansa. Lissafin mai sauƙi ne: a zafinmu sauti yana gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa, sai ka raba 350 da ninki biyu na tazarar bango da bango. Faɗin mita 4 zai ba ka kusan 44 Hz, daidai F na ƙasa a bes. Silin mai tsawon mita 3 zai ba ka 58 Hz, daidai B-flat. Waɗannan biyun kuwa suna daga cikin sautukan da 'yan jaz suka fi kaɗa balad a kansu. Sakamakon shi ne mai bes yana tafiya daidai, sai sauti ɗaya ya yi tsalle ya cika ɗaki, na kusa da shi kuma ya ɓace. Labule ba ya taɓa wannan, kwalin ƙwai da ake mannawa a bangon sutudiyo balle. Abin da yake aiki shi ne katifu masu kauri a tsaye a kusurwoyi, da matsar da mai bes. Sa shi ya hau daga E na ƙasa sauti bayan sauti har ya kai G, kana saurare da hedifon. Inda wani sauti ya yi tsalle, matsar da shi rabin mita, a sake. Kada ya tsaya a kusurwa, kada ya jingina da bango, kada kuma ya tsaya a tsakiyar ɗaki cif. In kana da zaɓi, ɗauki babban ɗaki mai dogon silin ko da bai kai ƙaramin kyau ba.

Lokaci ma na cikin shirin ɗaki. Tsakanin magariba da isha'i babu isasshen fili, kuma bai dace kiran salla ya tarar da ku tsakiyar kiɗa ba. Fara bayan isha'i, wajen ƙarfe tara, lokacin da babura suka ragu. A damina rufin kwano haɗari ne, yayyafi kaɗan ya isa ya kashe daren. A watan Afrilu, da zafi kan haura digiri 40, ba za ka iya hana mutane iska awa biyu ba. Sanyaya ɗakin na awa uku kafin a buɗe ƙofa, kashe fanka da na'urar sanyi a yi zango na minti 35 zuwa 40, a huta minti 20 a kunna su, a koma zango na biyu.

Kayan kiɗan da iskar hunturu

Fiyano mai tsirkiyoyi, na katako, yana da maɓallai 88 da tsirkiyoyi kusan 230 waɗanda jimillar jansu take kai wajen tan 18. Allon amonsa yana son danshin iska kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A Gusau ko Ƙaura Namoda, daga Disamba zuwa Fabrairu, danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon sai ya tsuke, sautin ya sauka ƙasa da 440 Hz da ake auna A da shi, kusoshin da ke riƙe da tsirkiyoyi su yi sako-sako. Da damina kuma ya kumbura, sautin ya hau. Yawancin maɓallai tsirkiya uku ne suke bugawa tare, in ɗaya ta kauce kaɗan za a ji sautin yana rawa, kuma a balad, inda ake riƙe sauti, kowa zai ji. Don haka a kawo fiyanon ɗakin kwana uku zuwa huɗu kafin ranar, a saita shi ana gobe, mai saitin ya sake bi ta kansa awa biyu kafin wasa, bayan ɗakin ya yi sanyin da za a yi wasa a cikinsa. A gwada fedar dama. In tana ƙara, a gyara ta tun da rana, domin a balad ƙafar mai fiyano ba ta barin ta.

Bes ma hunturu ba ya raga masa. Da gam na fata ake haɗa jikinsa, in ya bushe sai haɗin ya buɗe, ka ji wata 'yar ziza a wasu sautuka ka ɗauka laifin makirufo ne. Ƙwanƙwasa gefen jikin a hankali da gaɓar yatsa, inda ya buɗe amonsa daban ne. Kada a bar shi cikin mota da rana, a ajiye shi a jakarsa da soso mai laima cikin leda mai huji, kada kuma a sassauta tsirkiyoyi huɗun lokaci ɗaya, domin sandar da ke tsaye a cikinsa tana iya faɗuwa. Tsinin ƙafarsa yana zamewa a kan tayil, a sa masa guntun roba.

Gaskiya ita ce a garuruwanmu kibod aka fi samu. In shi ke gare ku, ya zama mai maɓallai 88 masu nauyi, da fedar da take karɓar rabin taku. A ɗauke shi ta ramuka biyu na hagu da dama zuwa DI, a kashe amsa-kuwwar cikinsa, a sa ƙaramar lasifika ɗaya a ɗakin don mai bes da jama'a su ji, muryarta ba ta wuce ta bes ɗin ba. In jitar bes ce a madadin mai tsayuwa, tsirkiyoyi masu santsi sun fi dacewa, a kaɗa kusa da wuya da gefen yatsa.

Jeri da makirufo

Murfin babban fiyano yana buɗewa ta hannun daman mai kaɗawa, can yake watsa sauti, can kuma jama'a suke. Sa mai bes a hannun hagunsa, ɗan baya kaɗan. Amfanin biyu ne: yana ganin hannun hagun abokinsa, wanda da shi yake sanin inda aka nufa tunda babu mai ganga, kuma murfin ya tsare shi daga mafi yawan ƙarar fiyano. Kada ka raba su da nisa don neman tsabtar sauti. Da zarar sun daina jin numfashin juna, lokaci zai fara kuɓuce musu, wannan kuwa babu na'urar da take gyara shi.

Bes ya fi fiyano rauni nesa ba kusa ba, don haka makirufonsa ne zai sha kutse. Sa makirufo irin kondensa mai ɗauka ta gaba kawai, santimita 20 zuwa 30 daga jikin, tsayinsa daidai jaki, wato katakon da tsirkiyoyi suka hau kansa, ko sama da shi kaɗan, yana kallon tsakanin jaki da ramin da ke gefen tsirkiyar G, bayansa kuma yana fuskantar fiyano. Kada ka cusa shi bakin ramin. Can iskar cikin jikin take fita, abin da za ka samu gurnani ne marar fuska, kuma irin wannan makirufo da kansa yana ƙara kauri idan ya matso. In kana son ƙarar yatsa a kan tsirkiya, ɗaga shi zuwa ƙarshen allon yatsu. Duba maɓallin yanke sautin ƙasa da ke kan mikisa ko jikin makirufon: yawancinsu suna yankewa daga 75, 80 ko 100 Hz, wato kusan duk tsirkiyoyin bes a buɗe. A kashe yake zama. Wannan ƙaramin maɓalli ya lalata ɗauka da yawa.

In bes ɗin yana da fikof a jaki, wato 'yar na'urar da ke ɗaukar girgizar katako kai-tsaye, ɗauke shi a layi na daban ta DI mai ƙarfin shiga megohm ɗaya ko fiye. Ƙasa da haka sautin zai fito siriri kamar ta hanci. Fikof kariya ne, ba shi ne sautin ba. Wajen haɗawa, ka tuna yana riga makirufo isowa: santimita 30 kusan kashi tara cikin goma na milisakan ne, wajen samfur 40 a 48 kHz. Jinkirta shi da wannan, ka gwada juya fuskar siginar, ka bar wadda ta fi cika.

Fiyano makirufo biyu iri ɗaya yake so. Murfi a buɗe duka, ka sa su a lanƙwasar jikin, santimita 30 zuwa 40 sama da tsirkiyoyi, tazarar santimita 17 tsakaninsu, sun buɗe digiri 110. Kusa da gudumomin da ke buga tsirkiyoyi sauti yana da kaifi da ƙarar katako, wanda bai dace da balad ba. Ja su baya wajen tsakiyar tsirkiyoyi. In fiyanon bango ne, janye shi daga bango, buɗe murfin sama, ko ka ɗauka ta baya inda allon amon yake.

Ga abin da yake faruwa tsakanin makirufon nan uku. In mai bes yana mita biyu daga fiyano, sautin fiyano zai isa makirufonsa bayan kusan milisakan shida. Haɗa su wuri ɗaya, sai wasu sautuka su kashe juna, na farko wajen 87 Hz, sauran suna bi a jere zuwa sama, fiyano ya koma kamar ana kaɗa shi cikin tulu. Ka'idar da aka saba ita ce tazarar makirufo da makirufo ta ninka tazarar kowanne da abin kiɗansa sau uku aƙalla. Gwajin kuwa ɗaya ne: mai da komai mono, wato hagu da dama a haɗe, ka kunna layin bes ka kashe yayin da fiyano kaɗai ke kaɗawa. In launin fiyanon ya sauya sosai, tashi ka matsar da sanda. Kada ka ce sai an zo haɗawa.

Ƙara wasu biyu a sama, mita uku zuwa huɗu daga makaɗan, don ɗaki da tafi. Layi shida ke nan har da fikof. Yawancin kondensa suna buƙatar wutar bolt 48 daga na'ura. Kunna ta bayan ka gama haɗa wayoyi, lasifika a rufe.

Daren ɗauka

Ɗauka a bit 24 da 48 kHz. Sa mai fiyano ya buga mafi ƙarfin abin da zai buga, ka saita ya tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, domin a gaban jama'a kowa yana ƙara ƙarfi. Makirufon ɗaki kuwa da tafi ake auna su, tafi ya fi kiɗan ƙara. Kada ka sa kwamfuresa, mai matse ƙarfin sauti, ko ikwalaiza a hanyar shiga. Kowane layi yana cin kusan megabait 520 a awa, shida a awa ɗaya da rabi sun kusa gigabait biyar. Tsohon tsarin kati na FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait huɗu, a duba wannan da rana. Ƙaramar na'ura ta biyu mai batir, irin ta kamfanin Zoom, ta riƙa ɗauka a gefe tun daga farko har ƙarshe. Danna ɗauka kafin makaɗa su shigo, kada ka tsayar tsakanin kiɗa da kiɗa. Mai fiyano yakan fara shimfiɗa shi kaɗai ba tare da sanarwa ba.

A yi wa jama'a magana cikin girmamawa kafin a fara. Wayoyi a kashe su ko a sa su yanayin jirgi, domin wadda aka rufe wa murya ma tana sa ziza a wayar makirufo idan kira ya shigo. Ruwan leda a sha shi a waje. Kujerun roba suna kuka a kan tayil, a shimfiɗa tabarma ko darduma ƙarƙashin layin gaba. Mafi muhimmanci, a roƙe su su jira har mai fiyano ya ɗaga ƙafa daga feda kafin su tafa. Sautin ƙarshe yana iya wuce daƙiƙa goma yana dusashewa. Sannan a nemi shiru na minti ɗaya da kowa a zaune, a ɗauke shi, da shi za ka cike giɓi wajen haɗa waƙoƙi.

Yawancin balad gaɓa 32 ne, a bugu 60 zagaye ɗaya minti biyu da daƙiƙa takwas, zagaye huɗu sun haura minti takwas. Shida ko bakwai sun cika faifai. Da yake babu na'urar ƙidaya bugu, ba za ka iya yanko rabin wannan ɗauka ka manna da rabin waccan ba, saurinsu ba zai zo ɗaya ba. Mafita a yi dare biyu, ko a maimaita muhimman a zango na biyu, a zaɓi wadda ta fi rai ko da akwai ɗan tuntuɓe a ciki. Ni a ganina tuntuɓen yatsa ɗaya bai kai ɗinki a tsakiyar jimla lahani ba.

Haɗawa

Bes a tsakiya. Fiyano kada a baje shi daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, rabin hanya kowane gefe ya isa. Yanke ƙasa da 30 Hz a bes, ƙasa da 45 ko 50 a fiyano, ƙasa da 100 a makirufon ɗaki. In sun cakuɗe, yawanci tsakanin 200 da 300 Hz ne, rage desibel biyu a ɗayansu kawai. Kwamfuresa a bes kada ya wuce biyu bisa ɗaya, ya jinkirta kamawa wajen milisakan 30 don bugun yatsa ya wuce, ya rage desibel biyu zuwa uku. Fiyano ka bar shi, in wani wuri ya yi yawa sauke shi da hannu. Manhajar cire ƙara tana cin wutsiyar sauti tare da ƙarar, gara ɗan shuu na ɗaki da fiyanon da aka guntule.

Mafi yawan masu sauraronka a waya za su ji, lasifikar waya kuwa ba ta fitar da 41 ko 55 Hz ko kaɗan. Abin da yake sa a ji bes a waya su ne amon da ke saman sautin da ƙarar yatsa, tsakanin 700 da 1,000 Hz. Ƙara desibel biyu zuwa uku a nan, ka gwada a ƙaramar waya, maimakon tura ƙasa da zai fasa lasifikar mota kawai. Ƙarfin ƙarshe, a ma'aunin ƙarar sauti na LUFS, wajen 16 zuwa 14 ƙasa da sifili, ƙololuwa desibel ɗaya ƙasa da sifili. YouTube da Spotify suna sauke duk abin da ya wuce kusan 14, matse kiɗan don ya yi ƙara asara ce kawai. Ajiye asalin layukan shida a wuri biyu daban kafin ka taɓa komai, ka karɓi izinin makaɗan a rubuce kafin ka saki ko guda, in kuma za ka tura musu su ji ta WhatsApp, tura fayil ɗin WAV a matsayin takarda don ya isa yadda ka haɗa shi.